Takalmin Lado a Zaman Makoki

Shekara da shekaru Lado yana kamun kifi a Bagauda, ƙafa cikin ruwa, bai taɓa damuwa da ita ba. Sai da ciwon suga ya zauna masa, tafin ƙafarsa ya mutu murus, ya taka ƙugiya bai sani ba, aka yanke masa yatsu uku na hagu. Likita bai ɓoye masa komai ba: in ya sake samun rauni, ƙafar ce gaba ɗaya za ta tafi. Ko bayan gida kada ya je ba takalmi.

Wani baduku a Kafin Maiyaƙi ya ɗinka masa sau-ciki mai faɗi, ya shimfiɗa soso a ciki. Muni kam ba a magana, kamar mutum ya zura ƙafa a kwale-kwale. Kullum da la'asar matarsa Bushra takan ɗora ƙafafun a cinyarta ta duba su lungu-lungu, tana yi tana mita.

Ran da ƙanin mahaifinta ya rasu, suka hau babur zuwa Burumburum. Suna sauka, kafin ta shige cikin mata, ta riƙo hannun rigarsa.

"Malam, don girman Allah kada ka cire takalmin nan. Ka yi wa Baba bayani, zai gane."

"Na ji," in ji shi.

Ya ji ɗin, amma ji daban, yi daban. Tun yana neman auren Bushra, daga gindin durumin ƙofar gidan yake tuɓe takalmi, ya ƙarasa wurin surukinsa Malam Mudi a sunkuye. Yau ma ga takalman mutane nan birjik a gindin bishiyar. Can gaba dattawa suna zaune a rumfar kwano da aka kafa da safen nan saboda masu ta'aziyya.

Lado ya tsaya. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san abin da aka ce masa. To amma yaya zai tunkari uban matarsa da takalmi, ranar mutuwa, a idon jama'a? Ya tsaya yana bayanin yatsu alhali an kai mutum kushewa? Ya duba tazarar, ba wani nisa. Ya tuɓe, ya ja wandonsa ƙasa don ya rufe dungun, ya taka a hankali.

Ya durƙusa a gefen tabarma.

"Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin. Da godiya."

Aka yi addu'a aka shafa. Lado har ya ji sanyi a ransa, ya ce ai ga shi an wuce wurin lafiya. Ya gyara zama, ya lanƙwashe ƙafa.

Malam Mudi ya daina jan carbi. Idonsa yana kan tabarma, inda wani jan abu yake bin saƙar kaba yana yaɗuwa. Dattijon da bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba ya matso, ya kama ƙafar Lado da hannu biyu ya juya ta. Ƙusar kwano ce, irin mai hula, ta nutse a tafin har kai.

"Ba ka ji ba?"

"Ba na ji, Baba. Na daɗe ba na ji."

Wani ya tashi neman mai babur. Lado yana kallon ƙusar kamar a jikin wani take, babu abin da yake tunani sai Bushra da take cikin gida ba ta sani ba tukuna.

Malam Mudi bai saki ƙafar ba. Ya dubi gurbin yatsun da babu.

"Wa ya ce maka ka cire?"

Lado ya sunkuyar da kai.

"Babu kowa, Baba."