Kifin da Ya Wuce Awo

Sau uku Rahina tana zagaya layin nan na Carolina Beach kafin ta samu wurin fakin, da ta kashe motar kuwa sai ta kifa goshi a kan sitiyari. Tuƙin awa uku da rabi daga Greensboro, ga shi jiya ta wuni a tsaye a gidan kula da tsofaffi inda take aiki. Bayanta kamar an yi mata dakan sakwara.

"Baba, mun iso. Ga teku."

Malam Iliyasu ya leƙa ta gilashi. "To."

To! Wata biyar ke nan mahaifin nata yana ba ta wannan "to" ɗin. Bayan rasuwar Inna ta ɗauko shi daga Yawuri, ga ciwon suga, ga gida ba kowa sai 'ya'yan ƙannensa. Ta sama masa likita, ta saya masa kujera mai laushi, amma mutumin da ya shekara hamsin yana su a kogin Kwara ya koma mai gadin taga, aikinsa kallon motocin titin Wendover. Tikitinsa na komawa ranar Laraba ne. Ita kuwa ta gama cike takardun neman ya zauna, sa hannunsa kaɗai ya rage, shi kuma ya ƙi ko taɓa biro. Shi ya sa ta kawo shi nan. Wai ko in ya ga ƙasar ma tana da ruwa zai haƙura.

Ina! Ko minti goma ba su yi a kan yashin ba. Mutane birjik a kwance, kowa da ɗan ƙyalle, tsohon ya sunkuyar da kai yana salati.

"Su waɗannan ba su da surukai ne?"

Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya. Suka koma mota. Ta miƙa kudu ba tare da ta san inda za ta ba, tana wuce gidajen katako masu dogayen ƙafafu, har suka shiga wani ɗan garin da ba hayaniya.

"Tsaya," in ji Baba.

Wata doguwar gada ce ta katako da ta kutsa cikin teku, mutane jere a kanta da sandunan ƙugiya. Mutumin da kullum gwiwa ke hana shi hawa bene, sai ga Rahina tana haki a bayansa. Can ƙarshen gadar wani dattijo baƙar fata yana fama, sandarsa ta lanƙwashe. Da aka zura raga don ɗago kifin, Baba bai nemi izinin kowa ba, ya cafke igiyar suka ja tare.

Kifi ne jajaja, mai ɗigon baƙi a wutsiya, ya fi tsawon hannun mutum. Baba ya tsuguna yana shafa shi yana dariya. Rabon da ta ga haƙoransa tun Inna na da rai.

"Wannan ai ɗan'uwan giwan ruwa ne! Rahina, ce masa ya bugi kan, kada ya wahalar da shi."

Kafin ta buɗe baki dattijon ya auna kifin, ya zare ƙugiyar, ya mayar da shi raga ya soma sassauta igiya. Baba ya yi wuf ya riƙe.

"Kai! Kai bawan Allah! Lafiyarsa ƙalau kuwa? Tambaye shi!"

Ta tambaya da Turanci. Dattijon ya yi murmushi ya ce doka ce. Irin wannan kifin, in ya wuce awo ba na tukunya ba ne. Wannan tsoho ne, wataƙila ya girmi 'ya'yan shi dattijon. Tsofaffin ba a raba su da ruwansu, kuma in aka daɗe da shi a sama, ko an mayar ba zai yi rai ba.

Rahina ta ji maganar kamar da Baba ake.

"Me ya ce?" in ji Baba.

Baba ba ya jin ko kalma ɗaya. Tana iya cewa kifin guba ne da shi, magana ta wuce, su koma gida ta ci gaba da lallashi. Ta dubi hannunsa a kan igiyar, jijiyoyi sun tashi raɗa-raɗa. Wallahi ta gaji, kuma ta san shi ma ya gaji.

Ta faɗa masa, kalma bayan kalma, ba ta rage komai ba.

Baba ya saki igiyar a hankali, ya leƙa har kifin ya kaɗa wutsiya ya nutse.

"Ashe suna da hankali," ya ce. Bai dube ta ba.

Rahina ta goge ido da bakin mayafi.

"Baba, maganin wata nawa zan karɓar maka kafin Laraba?"

"Na wata shida ya isa, uwata. In ya ƙare kya aiko."