Hoton da Auta Ta Tsana

A ofishin 'yan sanda, kofur ɗin da ke bakin kanta ya ɗaga hoton, ya taɓe baki.

"Mama, mace mai irin wannan kwalliya ba ɓata take yi ba. Ku je gida, in ta gama yawonta za ta dawo."

Mama ta karɓe hoton. Tun ranar da autarta ta fita zuwa shagon ɗinki ba ta dawo ba, ta ji wannan magana a bakin maƙwabta har ta daina yi mata zafi. Ta koma benci ta zauna da hoton a cinya. A bikin ƙawar Auta aka ɗauke shi: an ja gira, an cika hoda, mai hoto ma ya ƙara nasa gishirin, ya wanke ta tas. Shi Auta ta rataye a ɗakinta, shi Mama ta ciro.

Wata saje mai jiki ta fito daga ciki tana ɗingishi, da alama takalmi ne ya matse ta. Ta zauna kusa da Mama, ta karɓi hoton.

"Tubarkalla. Amma tsakani da Allah, Mama, in wannan ta wuce ki a tasha, za ki gane ta?"

Mama ta sake duban hoton. "Ranar da aka kawo shi ma sai da na ƙura ido."

"To ni direbobi zan nuna wa, da masu gadin asibiti. Su ba 'yar biki suka gani ba. Fuskar da ta fita da ita nake so."

Akwai irin wannan hoton kuwa, a wayar Mama. Yayar Auta ce ta ɗauka don tsokana: Auta a gaban keken ɗinki, ɗankwali ya zame, baki cike da fil, ga tabon ƙunar da ya taso daga wuyanta zuwa kunne a fili. Tun tana yarinya take rufe shi da mayafi, ko zafi na kashe mutane. Ranar har kuka ta yi, ta sa Mama ta yi alkawarin ba wanda zai gani.

Mama ta buɗe hoton. Kewar 'yarta ta taso mata.

Saje ta duba, ta gyaɗa kai. "Wannan ko daga nesa za a tuna ta. Amma ba zan ɓoye miki ba, a bango za a manna shi, kowa zai gani. In ba ki yarda ba, da wancan zan yi aiki."

"Na yi mata alkawari," in ji Mama. "In ta gani, ba za ta sake yi mini magana ba."

Saje ba ta matsa mata ba. Ta cire takalmin tana murza yatsu, tana jira.

Can Mama ta miƙa mata wayar.

"Ki ce su buga shi da girma, 'yata, yadda tabon zai fito. Ta zo ta yi mini faɗan, ina gida."