Aron Akurki

Kaza ta farko ta mutu ne ranar Laraba da hantsi. Ummul-Khair ta tarar da ita a kusurwar akurki, fukafukai a sake, wuya ya murɗe baya, koren kashi ya ɓata mata gashi. Ta ɗauke ta da tsumma ta binne a bayan banɗaki, ta ce wa kanta ƙila kunama ce. Zuwa Juma'a ta binne guda bakwai har da zakara, kuma kowa ya san kunama ba ta bin kaji ɗaya bayan ɗaya haka. Annobar nan ce da ke share gida tas cikin mako guda.

Akurkin ba na laka ba ne irin na kowa. Mijinta, marigayi Malam Bilyamin, mai walda ne a bakin Kasuwar Shanu, shi ya ƙera shi da ragowar ƙarafan bodin mota shekara biyu kafin rasuwarsa. Ya kewaye shi da wayar raga, ya rufa masa kwano, ya sa masa tayoyin baro biyu da mariƙi, ya bar ƙasan a buɗe don kaji su yi tono. A ciki akwai sandar katako ta hawa da akwatin saka ƙwai. Kullum da safe sai a tura shi sabon wuri a tsakar gida, shirwa ta yi ta shawaginta a banza. Har faɗinsa sai da ya auna da ƙofar zaure don a iya fita da shi. Mutanen unguwarsu ta Yerimaram sun sha zuwa kallo, wasu da igiyar awo a aljihu.

A harkar kaji da zabi kuwa babu wanda ya kama ƙafar Ummul-Khair a unguwar. Ta kuma san da haka, kuma sanin ne ya ja mata.

Maƙwabciyarta ta katanga ɗaya, Celina, 'yar Filato ce mai shagon kayan masarufi, kowa yana kiranta Maman Dung. Shekara goma sha tara suna miƙa wa juna gishiri da garwashi ta saman katangar nan. A shekarun da gari ya rikice, 'yan'uwan Celina suka yi ta loda kaya suna komawa gida, ita ta ƙi tashi, ta ce tana da 'yar'uwa a bayan katanga. Ranar da aka fita da gawar Malam Bilyamin, a kafaɗarta Ummul-Khair ta yi kuka.

Wata biyu kafin mutuwar kajin, Celina ta shigo da 'yar kula mai ƙanƙara, a ciki da kwalbar rigakafin da ake ɗiga wa kaza a ido. Ta ce kwalbar ta kaji ɗari ce, nata ba su kai ashirin ba, kada saura ya lalace. A ranar akwai mata huɗu a tsakar gidan suna taya Ummul-Khair ɓarar gyaɗa. Sai ta tuntsire da dariya har da tafa hannu.

"Maman Dung, yau kuma kaza za a kai awo? Shekara talatin ina kiwo da ɓawon maɗaci da barkono, ba su taɓa ba ni kunya ba. Je ki ɗiga wa naki, in kin gama ki yanka musu kati."

Mata suka kwashe da dariya. Celina ta yi murmushi, ta rufe kularta, ta zauna ta taya su ɓarar gyaɗar.

To ga shi yanzu maɗacin ya ba ta kunya. Ta jiƙa shi har ruwan ya yi ja, ta ɗura barkono, ta fasa kafson magani a kaskon ruwansu, kaji suka ci gaba da gyangyaɗi suna faɗuwa. Ranar Asabar saura huɗu cikin goma sha huɗu. Ta kwashe su ta kulle a ɗakin ajiya inda ba mai gani, ta wanke akurkin da toka da ruwa, ta tura shi gindin dalbejiya. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko 'yarta Hanifa da ke aure a ƙetaren titi.

Ranar Lahadi da la'asar Celina ta yi sallama, ko zanen zumuntar mata na coci ba ta cire ba, bakinta har kunne.

"Maman Hanifa, sun fito! Ashirin da shida cikin talatin. Wallahi zo ki gani, kamar ƙwallon auduga."

'Ya'yan zabi take nufi. Damina uku tana gwadawa ba ta dace ba, sai bana. Ummul-Khair ce ta koya mata komai: cewa zabuwa ba ta iya raino, sai a sa wa kaza ƙwan ta kwanta, a ƙirga kwana ashirin da takwas, cewa a zuba tsakuwa a kaskon ruwa kada su nutse, a haƙo musu gara, a hana su taka raɓa. Ita ce ma ta aika garin Gadaka aka zaɓo ƙwan. Ɗan Celina guda ɗaya tilo, Dung, zai yi aure lokacin bikin Ista, kuma uwar ta ci alwashin dangin amarya za su ci zabin da ta kiwata da hannunta.

"Sai dai shirwa ta dame ni," in ji Celina. "Tun safe take kewaya gidan. Na ce tun da ga akurkin Baban Hanifa a ajiye, ko za ki ara min na sati uku, su ɗan yi ƙwari."

Ummul-Khair ta dubi akurkin. Magana ɗaya ce, ba ta fi numfashi guda ba: kar ki ɗauka, cuta ta shiga cikinsa. Amma in ta faɗa, sai an tambayi ina kajin, sai an tuna da kula mai ƙanƙara, kafin magariba matan nan huɗu sun ji. Ta ce wa zuciyarta ai ta wanke da toka, ai ya sha iska wuni guda, ai zabo ba kaza ba ne. Duk ta san ƙarya take yi wa kanta, domin ita ce ke gaya wa mutane cewa cutar nan a jikin katako da kasko take maƙalewa.

"Ga shi nan, ba abin da yake yi," ta ce. "Ɗauki."

Har da hannunta ta kama mariƙi ɗaya, suka tura shi ta zaure, suka shiga da shi gidan Celina. Ta tsaya ta ga an zuba 'yan tsakin a ciki, uwar rainonsu tana ta ƙoƙ-ƙoƙ tana tono, su kuma suna tsalle suna hawa sandar katakon nan.

Kwana uku tana jin kukansu ta bayan katanga, tana cewa Allah ya rufa asiri. A na huɗu kukan ya ragu. Da rana ta yi tsaka sai ga kan Celina ya leƙo ta saman katanga.

"Maman Hanifa, biyu sun mutu, sauran kuma suna gyangyaɗi. Uwar lafiya lau, ita na ɗiga mata rigakafin. Su ne na ce sai sun ƙara kwana biyu. Me zan ba su?"

Nan ma ƙofa ce aka buɗe mata. Ummul-Khair ta shiga ɗaki, ta ɗauko ɓawon maɗacin da ya rage, wanda bai ceci ko ɗaya cikin nata ba, ta miƙa ta saman katanga ta ce a jiƙa. Celina ta karɓa da hannu biyu tana godiya. Tun da Ummul-Khair take ba ta taɓa jin ta tsani kanta ba irin na wannan rana. Duk sallar da ta idar sai ta ce yanzu za ta tashi ta je ta faɗa, sai ta ɗauki mayafi, ta tsaya a zaure, ta dawo. Kullum ta ƙara kwana maganar sai ta ƙara nauyi. Nata huɗun da ke ɗakin ajiya su ma suka bi sahu, ta binne su a inda ta binne sauran.

Cikin kwana tara zabin Celina suka ƙare ƙaf.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ta ji ƙarar tayoyin baro a zaure. Celina ce ita kaɗai take turo akurkin, gumi yana zuba, idanunta sun faɗa. Warin aizal, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya riga ta shigowa. Wayar ragar tana sheƙi, kuma sandar hawan da ke ciki sabuwa ce fil, farin katako.

Suka gaisa. Celina ta ƙi zama a tabarma, ta tsaya riƙe da mariƙin.

"Maman Hanifa, haƙuri na zo ba ki. Kin ba ni abin marigayi lafiya lau, ni kuma na sa masa cuta. Ina jin daga kasuwa na kwaso ta a takalmi, don na bi ta layin masu kaji ranar Litinin. Na wanke sau uku. Sandar da Baban Hanifa ya sa, na ƙona ta, ki yafe min, ba yadda zan yi, na sa kafinta ya yi wata." Ta share fuska da bakin zane. "Amma don Allah kar ki sa kajinki a ciki yanzu. Ki bar shi a rana ko wata guda ne. Ba zan iya kwana da wannan ban faɗa miki ba. In naki suka mutu ta dalilina, da wane ido zan dube ki?"

Da Celina ta zo da zagi da ya fi wa Ummul-Khair sauƙi. Ta kama hannun Celina, ta ja ta suka zagaya bayan banɗaki. Ƙasar wurin duk a tone take, an mayar an daddanna, tudu-tudu har gindin katanga.

"Kajina ne," ta ce. "Duka goma sha huɗun. Goma suna nan tun kafin ki zo aro. A cikin akurkin suka mutu, Maman Dung. Ba takalminki ba ne. Na sani lokacin da na ce ki ɗauka, na kuma sani lokacin da na miƙa miki maɗaci."

Celina ta daɗe tana kallon ƙasar. Can a titi wani mai Keke Napep yana ta kiran kasuwa, kasuwa.

"Me ya sa?" ta tambaya a hankali.

"Kunya. Na yi miki dariya a gaban mutane, na kasa dawowa in ce ke ce da gaskiya. Ba ni da wani dalili da ya wuce wannan. Ki yafe min don Allah. Zan aika Gadaka, ko nawa ne..."

"Damina ta wuce, zabi sun daina ƙwai," in ji Celina. "Ke kika koya min."

Ta zare hannunta daga na Ummul-Khair, ba da fizga ba, a hankali.

"Kin san wani abu? Kwana biyu kafin in zo aro ban ji carar zakaranki ba. Da na shigo na ga akurki ba kowa, na ga farin toka a jikin waya. Ni ba yarinya ba ce, sai da gabana ya faɗi. Amma na ce a raina, Celina, kar ki yi wa matar nan rashin kunya da tambaya. Da akwai wani abu, ita za ta fara faɗa miki. Har jiya da nake ƙona sandar nan, ban yarda zuciyata ta kawo ki ba."

Hawaye ya zubo wa Ummul-Khair. Celina ta gyara ɗaurin zanenta, ta bi ta gefen akurkin ba ta dube shi ba. Sai da ta kai bakin zaure ta ɗan tsaya, ba ta juyo ba.

"A huta lafiya, Hajiya," ta ce, kamar yadda take sallamar masu sayayya a shago, ta fita.