Yadda Aka Gyara Zalɓen Baba

Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, tambayarsa ɗaya ce: ko zalɓensa na nan? Shekara ashirin ya yi yana gadin injin ruwa a bakin tafki, kuma a shekarunsa na ƙarshe a wurin wani zalɓe mai sakakken fiffike ya mayar da tsohon bututun injin wurin zamansa. Yayata ta ce za ta kawo masa shi a hoto. Sau tara tana zuwa tafkin kafin ta dace. Ga shi nan toka-toka a kan bututu mai tsatsa, fiffiken hagu ya ɗan zubo kamar hannun riga.

Da ta wanke hoton a ranar, da an huta. Amma Yaya 'yar ƙungiyar masu ɗaukar hoton halittu ce, kuma a ƙungiyar nan ba a wanke hoto sai ya sha shawara. Ni na riƙa kai ta a mota, don haka da idona na ga komai.

Ran Asabar da yamma suke taruwa a saman wani shagon buga takardu. Kujerun roba goma sha biyu, fanka ɗaya mai kuka, sai farin bangon da ake haska hotuna a kai. Aka haska zalɓen Baba, ɗaki ya yi tsit kamar an zo gaisuwar mutuwa.

Shugaba, wani tsohon injiniya, shi ya fara. "Haske da duhu sun yi zaman lafiya da yawa a hoton nan. Ruwa toka, tsuntsu toka. A raba su. A duhunta bayan."

Aka duhunta. Tafkin ya koma baƙi ƙirin.

Sai likitan haƙori, mai kyamarar da ban taɓa ganin ta fito daga jaka ba. "Launin fa? Tsuntsun kamar bai ci abinci ba. A ƙara masa shuɗi, bakin kuma ya ɗan yi ruwan lemo."

"Ai haka launinsa yake," in ji Yaya a hankali.

"Haka launinsa yake a tafki, 'yar'uwa. Nan kuma hoto muke magana."

Kowa ya gyaɗa kai, har da wani da na tabbata barci yake.

Asabar ta biyu ta wani malamin makaranta ce da ake kira Malam Amma, don duk yabonsa da wannan kalma yake ƙarewa. "Hoto ya yi kyau, amma ina ido zai sauka? Fokas ya kamata ya tsaya a idon tsuntsu. Ni bututun nan nake gani tar, tsatsarsa har tana kirana." Aka goge bututu, aka ɗora zalɓe a kan wani reshe da aka aro daga hoton likita. A Asabar ta uku Shugaba ya lura cewa fiffiken hagu yana jan hankali, aka ɗage shi sama ya daidaita da ɗan'uwansa.

A mota na kasa haƙuri. "Yaya, wai hoton Baba ne ko nasu?"

"Ke ba ki san aikin ba," ta ce. "Mutanen nan sun daɗe a harkar."

Gaskiya ne, sun daɗe. Kuma na ga yadda fuskarta ta yi haske ranar da suka tafa mata, karo na farko cikin shekara uku da shigarta ƙungiyar. Shi ya sa na ja bakina na yi shiru, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Aka wanke hoton babba, aka sa a gilashi. Da hantsi muka shiga ɗakin Baba, Yaya ta jingina hoton a ƙarshen gado, ni kuma na gyara masa matashi na miƙa masa tabarau. Ya daɗe yana kallo.

"Kai, masha Allah," ya ce. "Wannan na wace ƙasa ne?"

Yaya ta yi dariyar yaƙe. "Baba, naka ne fa. Zalɓenka."

Ya sake dubawa, ya dube ta, ya dube ni. Sannan ya cire tabarau ya ninke a hankali.

"Kada ku ɓoye mini. Ya mutu ko?"

"Wallahi yana nan, Baba! Shi ne wannan, gyara shi kawai aka yi," in ji Yaya.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Na san so kike ki faranta mini, shi ya sa kika nemo mai kyau. Ba komai. Dama ya tsufa."

Ya juya fuskarsa wajen bango, ya ce in fita da hoton in rataye a falo, inda baƙi za su gani.