Igiya Biyu a Jikin Dikko

Duk ƙauyen Guci an san Dikko da tambaya. Mutumin da ko maganin tsutsa ba ya ɗura wa saniyarsa sai ya ji ta inda zai bi, ina ga jikinsa? Shi ya sa da lokotoro, wato likita, a Damagaram ya ce sankara ce ta kama shi a prostat, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, kuma allura za a dinga yi masa, sai Dikko ya ce a dakata.

'Yarsa Hinda, wadda ta rako shi, ta yi magiya har ta gaji. Ciwon ya fara taɓa ƙashin bayansa, ita kam tsoro ya gama cika ta.

"Ɗana," in ji Dikko, yana duban lokotoron, "ɗan naman da kuka tsinka kuka aika labo ɗakin gwaji, me ya faɗa muku?"

Lokotoro Munir ya gyara zama, da alama ya daɗe bai samu mai son ji ba. "Baba, cikin kowace ƙwayar jiki akwai wasu zarurruka da ke ba ta umurni. A wurin ciwon nan biyu sun tsinke, suka ƙulle da juna ba daidai ba. Ɗaya aikinsa amsa kiran sinadarin mazakuta, ɗayan kuma sa ƙwaya ta yaɗu."

"Ikon Allah! Kamar a ɗaure maraƙi biyu a igiya guda, uwar ɗaya ta yi kuka, duka su zabura?"

"Haka nan ne."

"Kowa da ciwon nan haka nasa yake?"

"A'a, wasu ne. Ganin ƙullin ya ƙara tabbatar mana daga prostat ciwon ya taso."

"Na gadar wa 'ya'yana?"

"Ƙullin nan ba gadonsa ake ba. Amma mazan su zo a duba su in sun manyanta."

"To, allurar kwance igiyar za ta yi?"

"Ba ta kwancewa, Baba. Sinadarin za mu kashe, kiran ya daina zuwa."

Dikko ya dubi Hinda ya ce ƙishi yake ji, ta nemo masa ruwa, alhali ga gora cike a gefensa. Akwai maganar da uba ba ya yi gaban 'yarsa. Da ta fita ya rage murya.

"Ɗana, ka faɗa mini gaskiya. Dandaƙa ce za ku yi mini da allura."

Lokotoro bai yi kwana-kwana ba, ya ce kusan haka ne.

Abin ya soki Dikko ƙwarai. Da hannunsa ya dandaƙe bijimai ba iyaka, bai taɓa tunanin me suke ji ba. Ya tuna wasu maruƙa biyu da aka haifa masa damina guda. Wanda ya bari bijimi ya yi tashensa, ya yi faɗa, tuni mahauta suka wuce da shi.

"Ɗayan fa, Baba?" in ji lokotoro, don ashe a fili Dikko yake zancen.

"Wanda na dandaƙe? Shi ke jan amalanken jikokina zuwa rijiya har yau."

Ya share ido da bakin rawani, ya jingine sandarsa a bango.

"Yi sauri kafin yarinyar ta dawo. A ina ake sokawa?"