Waƙar da Damina Ya Koyo a Otal

Duk wanda ya ce maka baƙin otal sun kashe wa Bang Sman tsuntsu, bai san zancen ba. Tsuntsun yana nan da ransa, har ƙiba ya yi. Ni da nake sayar da shayi da roti, wainar fulawa irin tamu, a bakin filin tsuntsaye, a gabana aka yi komai, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ƙauyenmu yana bayan katangar wani ƙaton otal a tsibirin Phuket. Da can bakin tekun namu ne. Yanzu kujerun kwanciya ne a jere, Turawa sun shafe jiki da mai suna gasa kansu kamar kifi. Mazanmu sun ajiye raga, wannan ya zama mai gadi, wancan mai yankan ciyawa. Abin da ya rage musu na kansu shi ne gasar waƙar tsuntsaye ta safiyar Lahadi. Kowa ya ɗauko kejinsa a kan babur ya rataye a sandunan ƙarfe, alƙali ya ɗora kwano mai huda a kan ruwa ya busa usur, kafin kwanon ya nutse tsuntsunka ya rera waƙarsa cikakkiya. Masu tsuntsayen suna bayan igiya suna ihu da kaɗa yatsu, dattawa da furfurarsu sai ka ce yara.

Bang Sman tsohon masunci ne, matarsa ta rasu, kwale-kwalensa ya ruɓe. In ka cire masallaci, wannan filin ne kaɗai inda yake shiga a matsa masa wuri. Tsuntsunsa Damina, mai baƙin tukku da jan kunci, ba a taɓa kawo shi ya koma hannu rabbana ba. Tsohon ya tsare masa kunne fiye da yadda ake tsare jariri daga sanyi. Ba a kunna rediyo a gidan, ba a barin waya ta yi ƙara kusa da keji. Kowa a nan ya san dalili: tsuntsu in ya ɗauki mugun sauti ba ya saki, kuma yana shafa wa na kusa da shi.

Sai gwiwa ta kayar da shi, aka kwantar da shi asibitin birni. Gida ya rage daga 'yarsa Rohima sai keji.

Rohima a otal take aiki. Aikinta nemo wa baƙi abin da ba kowa ya sani ba, don su mutanen nan in ka ce musu ba wanda ya taɓa ganin abu, ko jujin ƙauye ne sai sun biya sun je. Ta kai su gonar roba su tsaga itace, ta kai su wurin masu shanya ƙananan kifi, ta sha kawo min su su murza roti su ɓata min ƙullu. Fita take da asuba ta dawo a gajiye, ba mai ba Damina abinci. Manajanta ya ce ta kawo shi a rataye a ƙofar shiga, baƙi za su so.

Na ce mata, "Rohima, babanki ya sani kuwa?"

Ta ce, "Haba Ja Piyah, in na gaya masa ai da ƙarin ruwan a hannu zai taso. Can ga gwanda, ga ayaba, ga inuwa. Ni kaina ban samu wannan gatan ba."

Ba mugunta ta yi ba, ina faɗa ko a gaban wa. Abin da ta manta shi ne 'yan motocin lantarkin da ke kwasar jakunkunan baƙi. A bakin ƙofar nan suke juyawa tun safe har yamma, kuma duk wadda ta yi ribas sai ta yi kuka: tit, tit, tit.

Kafin a sallamo tsohon ta mayar da kejin gida. Lahadin da Bang Sman ya dawo fili yana dogara sanda, Rohima ma ta zo da baƙinta cike da mota, da hulunan kaba da wayoyi a sama. Bang Dolah, alƙalin gasa kuma amininsa tun suna yara, ya hango shi ya ɗaga murya.

"Ga gurgu ya dawo! Mun ɗauka likita ya yanke ƙafar ya kai gida an yi miya."

"Ko da ƙafa ɗaya na fi ka, kai da tsuntsunka mai tarin tsofaffi. Matsa in rataye, a ji waƙa."

Aka busa usur. Damina ya miƙe tukku ya fara, tiryan-tiryan yadda aka san shi. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya, ya karkata kai, ya saki: tit, tit, tit.

Baƙin ne suka fara ganewa, don su suka san sautin. Suka fashe da dariya, suka hau tafi, wata mata har da share hawaye. Damina kuwa ya saba da tafin nan, sai ya ƙara. Nan fa maza suka tsallake igiya, abin da ba a taɓa yi ba ana tsakiyar gasa, kowa ya fizgo kejinsa yana lulluɓewa da zane yana salati.

Bang Dolah ya zo kusa da Bang Sman, bai iya kallon idonsa ba.

"Sman, sauke shi."

"Kuskure ne, Dolah. Bari ya sake."

"Ya sake ɗin ne muke tsoro. Sauke shi, don girman Allah. Kuma kada ka dawo da shi."

Rohima ta taho da gudu tana "Baba, Baba, ka yafe ni." Ya miƙa mata sandar ta riƙe, ya sauke kejin da hannu biyu, ya rufe. Wani baƙo ya bi shi yana roƙon a buɗe ya ƙara ɗaukar hoto. Wallahi da tafasasshen shayin nan na kusa da hannuna, da yau wani labarin ake yi.

A gida ma bai tsira ba. Layinsu kowace baranda da keji, kuma Damina da gari ya waye sai ya fara ribas. Maƙwabta suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, a yi doguwar gaisuwa, a tambayi gwiwa, sannan a sunkuyar da kai a faɗi abin da ya kawo su. Ya ce zai kai shi daji ya saki, aka ce bai san neman abinci ba, in ma ya rayu zai lalata na dajin. Wani marar kunya ya kawo zancen wuƙa, tsohon ya nuna masa ƙofa. Manaja kuwa sai aike yake, wai hoton ya zagaya duniya, baƙi suna tambaya. Ƙarshe Bang Sman ya miƙa wa Rohima kejin, ya ce ta kai musu. Ko baht ɗaya bai karɓa ba.

Yanzu Damina yana cikin abubuwan da ake raɗa wa baƙi cewa ba kowa ya sani ba. Bang Sman bai ƙara taka filin ba. Ya ce mutum ba keji ai ɗan kallo ne, kuma 'yan kallo sun yi yawa.

Kwanan baya na kai wa masu gadi roti ta ƙofar baya, inda ake fitar da shara. Sai ga Bang Sman tsaye jikin katanga, ya jingine sanda, ya tattara leɓe yana fito, waƙar nan ta asali tun daga farko. Can daga ciki Damina ya amsa. Tsohon ya damƙe min hannu, idonsa ya kawo ruwa.

"Piyah, kin ji? Ya ɗauko daidai. Yi shiru, yi shiru, zai ƙarasa."

Muka yi shiru. Tit, tit, tit. Sai tafi ya tashi a bayan katanga.