Agogon da Yaya Ya Aiko

Tun ranar da aka fara shafa wa tsohon ɗakin ajiyar siminti na bakin titi jan fenti, unguwar nan ba ta sake samun sukuni ba. Aka kafa ƙaton allo a sama: kowane kaya farashi ɗaya. Cokali, bokiti, tabarau, fitila mai caji, silifa, duk farashi ɗaya! Kafin ma a buɗe ƙofa an raɗa wa kantin suna Komai-Ɗaya, gardama kuwa ta shiga kowane gida.

Gidan su Auta ma bai tsira ba. Gwaggo, ƙanwar marigayi babansu, ta shigo tun da safe tana lissafa abin da za ta kwaso, Inna kuwa sai taɓe baki take yi.

"Kayan kwana uku," in ji Inna. "Ki saya da safe, da yamma ki share ɓaraguzansa."

"To sai me? In ya fashe na sayi wani!" Gwaggo ta tafa hannu. "Haba matar yaya, shekara nawa ina shan shayi a kofi mai tsaga, wai ina jiran in sayi na kirki? A bar talaka shi ma ya ɓare sabon abu daga leda mana."

"Ni dai na san abin kirki in na gan shi. Ga shi can."

Ta nuna bango da haɓa. Can saman kujera agogon yake, mai ruwan zinariya a gefe, da hotunan tsuntsaye a madadin lambobi. Duk cikar awa sai wani tsuntsu ya rangaɗa kuka daga cikinsa. Babu baƙon da ya taɓa shiga ɗakin nan ya fita bai ji tarihinsa ba: ɗanta na fari ne ya aiko mata daga ƙasar waje. In awa ta kusa cika, ko sauri kake yi sai ka zauna ka ji tsuntsu.

Auta tana gefe a kan keken ɗinkinta, ta sunkuyar da kai kamar zare ne ya sarƙe. Ita kaɗai ta san cewa Yaya, wan nata, bai aiko da ko tsinke ba. Tun da ya tafi, waya ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Bara Inna ta kwanta, ba zazzaɓi ba ciwon kai, abinci kawai ta daina ci, tana kallon ƙofa. A lokacin ne Auta ta je babbar kasuwa a wani gari mai nisa sayen yadi, ta ga agogon a wani lungu da arha kamar kyauta. Ta naɗe shi a kwali, ta lafta masa salatif ta ko'ina, ta ce wani mutum ne ya kawo shagonta na ɗinki, wai saƙo daga Yaya. A ranar Inna ta tashi zaune ta cinye kwano guda. Ƙarya ce, ba musu, amma ƙaryar ce ta tashe ta.

Ranar buɗe kanti kuwa, ba a cewa komai! Lasifika na ta amo, balan-balan a ƙofa, layi har gaban shagon mai faci. Sai ga Inna ta fito da mayafinta da jakarta.

"Ina zuwa, matar yaya?" Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya.

"Zan je in ga shirmen da idona, in sami abin yi miki dariya."

Ita ma Auta ɗoki ya cika ta. Suna shiga ta fizgi kwando ta yi gaba, ta bar tsofaffin wajen kofuna suna musu. Wayyo, kaya! Almakashi, zif kala-kala, maɓallai cike da roba, zare dami-dami, abin da take yin tafiyar yini guda kafin ta samu ga shi a bakin titinsu. Tana jefawa a kwando tana dariya ita kaɗai. Ta sha kwana ta shiga layin kayan ɗaki, ta ɗaga kai, sai ta tsaya cak.

Agogon Inna ne. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, bango guda! Ruwan zinariyar nan, tsuntsayen nan, kowanne an saka masa batir yana tafiya abinsa, ga takardar farashi a ƙasa, daidai da na cokali.

Ta waiga wajen su Inna. In Inna ta ga wannan, za ta fara tambaya, Gwaggo kuwa ba ta barin tambaya ta mutu. Wane mutum ne ya kawo? Yaya kamanninsa? A ina ya san shagonki? Kafin su isa gida komai ya tone, Inna ta koma kallon ƙofa.

Ta ruga wajen kofuna. "Gwaggo! Tukwane suna can ƙarshe, wallahi ana wawa, sun kusa ƙarewa. Ja Inna ku je!"

Ba sai an faɗa wa Gwaggo sau biyu ba. Ta kama hannun Inna ta yi can da ita kamar mai jan akuya, Inna tana cewa a sake ta, ita ba ruwanta da tukunyar gwangwani.

Auta ta dawo ta hau sauke agogo. Ƙarƙashin kantar akwai manyan bokitai masu murfi, ta dinga zura su ciki, uku a nan, huɗu a can.

"Baiwar Allah, lafiya?"

Ma'aikaciyar kanti ce, wata doguwa mai jar riga irin ta masu aiki a wurin, ta riƙe ƙugu tana kallonta.

"Ba sata nake yi ba, wallahi," in ji Auta. "Kin ga tsohuwar can mai shuɗin mayafi? Mahaifiyata ce. Tana da irin wannan a gida, ta ɗauka ɗanta ne ya aiko mata daga waje. Ni na saya. Don Allah, 'yar'uwa, har mu fita kawai. Ni da kaina zan dawo in mayar miki da su."

Matar ta dubi Inna can nesa, ta dubi Auta. Sai ta ja dogon tsaki, ta tattare hannun riga.

"'Yan'uwa maza kenan. Ni ma ina da irinsa. Miƙo min na saman, kin yi gajarta."

Kai, ka ga aiki! Ɗaya na saukewa, ɗaya na zurawa. Da bokitai suka cika suka jera sauran a bayan bahon wanki, suka lulluɓe da tawul. Wani dattijo ya zo zai ɗaga murfin bokiti, ma'aikaciyar ta ce an sayar, ya je layi na gaba. A bangon da ya zama fayau suka rataye 'yan madubai da furannin roba. Suna gamawa suka dubi juna, dariya ta kusa kayar da su. Auta ta ji kamar ta rungume ta.

Sai ga su Inna sun ɓullo. Gwaggo da tukwane har wuya, Inna kuwa, mai cewa kallo ta zo, riƙe da silifa masu laushi, shuɗaye.

"Ba wai sun burge ni ba," ta ce kafin a tambaye ta. "Ƙafata ce ke ciwo da safe. Na san ba za su kai wata ba."

"Mun ji, matar yaya, mun ji."

Suka wuce ta gaban furannin roba Inna ko waiwaye ba ta yi ba. Suka shiga layin biya, 'yan taku kaɗan daga bokitan. Auta ta saki ajiyar zuciya. Ƙofa ga ta can a buɗe, mutum biyar ne kawai a gabansu, har ta fara tunanin irin labarin da za ta ba kanta ta yi dariya nan gaba.

Sai awa ta cika.

Wani tsuntsu ya fara daga cikin jan bokiti. Na kusa da shi ya amsa. Kafin ka ce me, bokitai da baho da tawul duk sun ɗauka, kuka ta ko'ina kamar an buɗe keji. Kanti ya kaure da ihu da dariya, wata mata ta saki kwando ta yi tsalle, yara suna neman tsuntsaye a silin. Ma'aikaciyar ta dafe kai. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Inna ba ta yi dariya ba. Kukan da take ji dare da rana, ina za ta kasa gane shi? Ta fita daga layi a hankali, ta je ta ɗaga murfin bokiti, ta zaro agogo ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa.

"La ila!" in ji Gwaggo. "Matar yaya, ba naki ba ne wannan? Iri ɗaya sak!"

Auta ta matso. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, gara ta fito daga bakinta da a tono ta. "Inna..."

"Jabu ne," in ji Inna.

Ta ɗaga shi a tafin hannu tana auna nauyi, ta ƙwanƙwasa bayansa da farce, ta kai kunne.

"Jabu ne, ba tantama. Nawa ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Ji kukan ma, kamar tsuntsu mai mura. Haka suke yi, su ga abin kirki a waje su zo su kwaikwaya da roba. Kin ga abin da nake faɗa miki ko?"

"Ni dai ban ga bambanci ba."

"Ina za ki gani, ke da ba a taɓa aiko miki ba."

Mutane suka sake fashewa da dariya, Gwaggo ma ta dara. Inna ta juyo cike da nasara, sai ta ga fuskar Auta sharkaf da hawaye. Murmushin ya ɓace. Ta matso daf da ita, ta rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Na san abin da ke cin ranki, Auta. Na daɗe ina lura, duk sanda na yi maganar agogon nan sai ki sunkuyar da kai. Ya tuna da ni, ke bai tuna da ke ba. Ke da kike ɗauke da ni, ci da sha da magani, ko ɗan kunne bai sa miki a kwalin ba. Bai kyauta ba, kuma ranar da ya kira sai na faɗa masa."

"Inna, ba haka..."

"Yi shiru."

Ta buɗe jaka ta leƙa, ta dubi silifan da ke hannunta, ta dubi agogon. Kuɗin abu ɗaya kawai ta fito da shi daga gida. Ta shafa silifan sau ɗaya, ta ajiye su a kan murfin bokiti, ta ɗora wa Auta agogon a hannu.

"Bai kai nawa ba, na sani. Amma ni na saya miki. Ki rataye a shagonki, kuma kar ki riƙe yayanki a rai, kin ji?"

Auta ta dubi ma'aikaciyar. Matar ta juya baya tana gyara tawul ɗin da ba ya buƙatar gyara. Gaskiyar tana nan a bakin Auta, ta haɗiye ta da ƙyar, ta ƙanƙame agogon a ƙirjinta.

"Na ji, Inna. Na gode."

"To share fuskarki, mutane na kallo," in ji Inna, ta koma layi tana ɗingishi kaɗan a tsofaffin takalmanta.